Tangaɗin Duniya da Zafin Zamanin Da



A farkon watan Janairu na kowace shekara, lokacin da hunturu ya kankama, mutanen Kano da Damagaram na kewaye wuta da asuba suna jin ɗumi, a daidai lokacin ne duniyarmu ta fi matsawa kusa da rana. Tsakaninsu kilomita miliyan 147. A farkon Yuli kuwa, damina ta sauka ana fama da noman farko, lokacin ne ta fi nisa da ita, kilomita miliyan 152. Da yawanmu za mu zaci akasin haka ne. Dalili shi ne, abin da ke raba mana shekara zuwa rani da damina da hunturu karkatar da duniya ta yi ce, wadda ke sa arewa ta fuskanci rana sosai a wasu watanni, kudu kuma a wasu. Kusanci da nisan nan ƙari ne kawai a kai, bambancin hasken da ke iso mu bai wuce kashi 7 cikin 100 ba.

To amma wannan tsari ba a tsaye yake ba. Yana sauyawa a hankali, a hankalin da ran mutum ɗaya, kai har tarihin daula guda, ba zai isa ya lura da shi ba. Sharhinmu na yau a kan wannan sauyi yake, da kuma abin da ya riƙa yi wa duniya a zamanin da babu ƙanƙara ko'ina a doron ƙasa, zamanin da teku ke kwance a inda Sakkwato take a yau.

Motsi uku ne. Na farko, hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana, wato falakinta, ba cikakkiyar da'ira ba ce. Wani zubin takan kusa zama da'ira, wani zubin ta ɗan miƙe ta yi tsawo. Abin da ke jawo haka shi ne jan da sauran duniyoyi ke yi mata, musamman Mushtari saboda girmansa, da Zara matar wata saboda kusancinta. Miƙewar nan da komawa tana zagayowa duk bayan kimanin shekara 100,000, akwai kuma wani babban zagaye na shekara 405,000. Idan falakin ya miƙe iya miƙewarsa, bambancin haske tsakanin lokacin kusanci da na nisa yakan haura kashi 20 cikin 100. Yanzu muna cikin zamanin da falakin ya kusa zama da'ira.

Na biyu, karkatar da muka ambata. A yau digiri 23.4 ce, amma tana kai da kawo tsakanin 22.1 da 24.5, zagaye ɗaya a shekara 41,000. Idan ta ƙaru, ƙasashen can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu sukan sami bazara mai zafi da sanyi mai tsanani.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu mu mazauna tsakiyar duniya. Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san cewa idan ka murza ta, tana juyawa da sauri, amma kanta yana wani tangaɗi a hankali, yana zana da'ira a iska. Haka duniya take yi. Tangaɗin nata, idan aka haɗa shi da juyawar falakin kansa, shi ke sauya watan da duniya ke kusantar rana, zagaye ɗaya a kimanin shekara 21,000. Yau kusancin a Janairu yake. Shekara 11,000 da suka wuce a tsakiyar shekara yake, daidai lokacin daminarmu.

Ga wani abu da nake so mai sauraro ya riƙe, domin duk maganar a kansa ta rataya. Idan ka tara hasken ranar da duniya baki ɗaya ke samu a shekara, waɗannan motsi uku ba su sauya jimillarsa da ko kashi 1 cikin 100 ba. Rabo kawai suke sauyawa: wane yanki ya sami nawa, a wane wata. Amma da wannan ɗan sauyin rabo aka riƙa shimfiɗa ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku a kan Kanada, a kuma kwashe ta.

Waɗanda suka fara hango haka sun cancanci a ambace su. James Croll mutumin Sikotilan ne, bai yi karatu mai zurfi ba, aikin kula da gini ya samu a wata kwaleji a birnin Gilasgo a 1859, ya riƙa shiga ɗakin karatun wurin yana koya wa kansa lissafi. A 1875 ya fitar da littafi yana cewa sauyin falaki ne ke kawo zamunan ƙanƙara. Bayansa sai Milutin Milankovitch, injiniya ɗan ƙasar Sabiya, wanda ya ɗauki lissafin da hannu, da alƙalami da takarda, ya shafe shekaru fiye da ashirin yana ƙididdige hasken da kowane yanki na duniya ya samu a dubban ɗaruruwan shekarun da suka shige. Wani ɓangare na aikin ma a tsare ya yi shi, a Budafes, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Babban littafinsa ana cikin buga shi ne a 1941 Jamus ta yi wa Belgired ruwan bama-bamai. Ya rasu a 1958, masana da yawa ba su gamsu da shi ba. Sai a 1976 wasu masana uku, Hays da Imbrie da Shackleton, suka auna lakar da aka haƙo daga ƙasan Tekun Indiya, mai ɗauke da tarihin shekara 450,000, suka tarar da sanyi da ɗumi suna zagayowa a kan adadin da ya lissafa: 100,000, da 41,000, da wajen 21,000.

Mu ma muna da shaidarmu a gida. Lokacin da kusancin rana ya faɗo a damina, ƙasar Sahara ta riƙa ɗaukar zafi fiye da yanzu, zafin ya riƙa jawo iskar ruwa daga Tekun Atilantika har can arewa mai nisa. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ciyawa ce da tafkuna. Tafkin Chadi ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale na icen maɗaci, tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa wajen 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske ta sami abin ci. Tangaɗin duniya ya kawo wannan ni'ima, shi ne kuma ya janye ta.

Duk wannan labarin zamanin ƙanƙara ne, kuma a nan bayanin yana da sauƙi. Ƙanƙara fara ce, tana mayar da hasken rana sama. Idan bazara ta yi rauni ta kasa narkar da ta bara, sai ta ƙaru, ƙaruwarta ta ƙara sanyi, sanyin ya ƙara ta. Ita ce ke ɗaukar ɗan ƙaramin sauyi ta mayar da shi babba. To idan babu ƙanƙarar fa? Domin mafi yawan tarihin duniya haka yake. Antaktika ba ta lulluɓe da ƙanƙara ba sai kimanin shekara miliyan 34 da suka wuce. Kafin nan an yi miliyoyin shekaru masu yawa duniya na cikin ɗumi, iskar kabon da ke sararin sama ta kan haura kashi 1,000 cikin miliyan, alhali kafin zamanin masana'antu 280 ce. An tono ƙasusuwan kadoji da kunkuru a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada inda rana ke ɓacewa watanni. An sami ƙwayar furen itatuwa dangin kwakwa a lakar gaɓar Antaktika.

A wancan zamani ruwan teku ya hau kan nahiyoyi. Wani reshensa ya ratso Sahara daga arewa, ya bi ta Mali da Nijar ya shigo ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, da wanda ake fasawa a Malbaza, ƙasan wannan teku ne. Ɗauki gutsure ɗaya ka juya shi a hannu, sau da yawa za ka ga zanen ƙwanso a jikinsa, ko dodon koɗi da ya zama dutse, murɗinsa na nan yadda yake. A yankin Goronyo an tono kan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da guza, masana suka raɗa mata sunan garin, Goronyosaurus. A Ashaka ta jihar Gwambe ma dutsen simintin cike yake da halittun teku.

Masanan duwatsu sun daɗe suna ganin wani abu a irin waɗannan tsofaffin shimfiɗu. A gaɓar teku a Zumaia, arewacin Sifen, akwai gangaren dutse da ya miƙe kilomitoci, an jera shi falle-falle: falle mai tauri fari, falle mai laushi toka-toka, fari, toka-toka, haka har iya ganinka. Idan ka tsaya ka ƙirga da yatsa, sai ka ga kowane biyu-biyu biyar sun haɗu sun yi dami ɗaya, kowane dami huɗu kuma sun yi babban dami. Biyar sau 21,000 ya ba ka kusan 100,000. Huɗu sau 100,000 ya ba ka kusan 405,000. Falakin duniya ne rubuce a jikin dutse, a zamanin da babu ƙanƙarar da za a ce ita ta yi aikin. A gabashin Amurka kuma, a lakar tsofaffin tafkuna ta yankin Newark, an ga tafki yana cika yana ƙafewa a kan wannan ƙa'ida, kuma a 2018 Dennis Kent da Paul Olsen da abokan aikinsu suka nuna cewa zagayen 405,000 ɗin bai sauya ba tun shekara miliyan 215 da suka wuce. Saboda haka ne yau ake amfani da shi a matsayin ma'aunin shekarun duwatsu.

Me ya ɗauki aikin ƙanƙara ke nan? Ruwan sama da kabon.

Bari mu zo kusa da gida mu ga yadda abin yake. A 1995 jirgin binciken nan mai haƙa ƙasan teku, JOIDES Resolution, ya tsaya a gaɓar Kwaddebuwa da Gana ya zaro laka daga zurfi. A ɓangaren da ya kai shekara wajen miliyan 85, sai ga baƙar laka mai maiƙo tana zuwa tana ɗaukewa, tana zuwa tana ɗaukewa. Masana Jamusawa da suka yi nazarinta suka wallafa a 2005 cewa tangaɗin duniya ne ke kaɗa ta. Idan zagayen ya kawo damina mai ƙarfi a Afirka, koguna sukan cika su kwararo da ruwan daɗi da taki cikin Atilantika, wanda a lokacin ɗan siririn teku ne, bai daɗe da tsagewa tsakaninmu da Barazil ba. Ruwan daɗi ya fi na gishiri sauƙi, sai ya kwanta a sama ya hana teku gaurayuwa. Takin ya sa ƙananan tsirran ruwa su yi yawa, su mutu su nutse. A ƙasa iskar shaƙa ta ƙare, babu abin da zai ruɓar da su, sai su taru su zama baƙar laka. Kabon ɗin da suka zuƙa daga sama ya shiga kabari ke nan. Da zagayen ya juya damina ta yi rauni, sai binnewar ta tsaya. Irin wannan baƙar laka, idan ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa zafi ya dafa ta, ita ke zama ɗanyen mai. Wani kaso mai yawa na man da duniya ke ƙonawa yau daga lakar wancan zamanin ɗumi ya fito.

Akwai kuma hanyar duwatsu. Ruwan sama mai ɗumi yana cin dutse a hankali, cin nan yana zuƙe iskar kabon daga sama, koguna su kai abin teku, halittu su gina ƙwansonsu da shi. Damina mai ƙarfi, ci mai yawa. Kabon kuwa idan ya shiga teku yakan yi wajen shekara 100,000 kafin ya fita, shi ya sa gajerun zagaye sukan narke a cikinsa, dogayen, musamman na 405,000, su fito fili a ma'aunin masana.

Yadda suke aunawa ma abin sha'awa ne. Kabon iri biyu ne a nan, mai nauyin 12 da mai nauyin 13. Tsirrai sun fi ɗaukar maras nauyin. Saboda haka idan aka binne tsirrai da yawa, abin da ya rage a teku sai ya karkata ga mai nauyi. Idan kuwa wata ma'ajiya ta fashe ta amayo kabon ɗin tsirrai, sai teku ya cika da maras nauyi. Ƙananan halittun ruwa da girmansu bai wuce ƙwayar yashi ba suna gina ƙwansonsu da abin da suka tarar, su mutu da shaidar a jikinsu. Mai bincike zai wanke laka a rariya, ya zauna gaban madubin ƙara girma da ɗan siririn burushi, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Da irin wannan tsintar ne a 1991 James Kennett da Lowell Stott suka gano wani abu a lakar da aka haƙo kusa da Antaktika. Shekara miliyan 56 da suka wuce, duniyar da dama tana da zafi, sai kwatsam kabon maras nauyi ya malalo, dubban biliyoyin tan, zafi ya ƙaru da digiri 5 ko fiye. A 2003 jirgin nan ya haƙa a tudun ƙarƙashin teku na Walvis, yamma da Namibiya. Da aka tsaga sandar lakar gida biyu aka shimfiɗa a tebur, ko wanda bai yi boko ba zai ga wurin: farar laka tas tana tafiya, sai a layi ɗaya ta koma ja mai duhu, sannan sannu a hankali ta riƙa washewa har ta koma fara. Farin ƙwanson halittu ne. Jan kuwa shi ne abin da ya rage bayan teku ya yi tsami saboda yawan kabon ya narkar da ƙwanson. Komawar nan daga ja zuwa fari ta ci fiye da shekara 100,000. Tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ire-iren ƙananan halittun ƙasan teku sun ƙare ƙaƙaf. A Wayomin ta Amurka kakannin doki, waɗanda dama ƙanana ne, sun ƙara tsukewa da kusan kashi 30 cikin 100.

Mu da ke tsakiyar duniya ya abin ya kasance? An sami amsa a ƙasarmu. Masana daga Jami'ar Utrecht ta Holan tare da takwarorinsu na Najeriya sun yi nazarin duwatsun yankin Shagamu a kudu maso yamma, suka wallafa a 2017 cewa zafin saman teku a wurin ya haura digiri 36, kuma wasu ƙananan halittun ruwa da suka saba da zafi sun kusa ɓacewa daga wurin har sai da abin ya lafa. Ruwan teku ke nan, ba tudu ba. Duk mai cewa mu mun saba da rana, ƙarin digiri biyu ko uku ba zai dame mu ba, ya kamata ya ji wannan. Wanda ke bakin iyaka shi ƙaramin ƙari ke turawa waje.

Ina falaki ya shigo? A lakar Walvis ɗin nan, sama da jan layin farko, Lucas Lourens da abokansa sun ga wani jan layi na biyu, ƙarami, kimanin shekara miliyan 2 bayan na farko. Da suka ƙirga zagayen da ke tsakani, suka bayyana a 2005 cewa zafin da jajayen layukan biyu ke nunawa ya faɗo ne a lokacin da falakin duniya ya miƙe sosai. Daga baya aka yi ta gano wasu, ƙanana-ƙanana, jere da juna cikin miliyoyin shekarun da suka biyo, suna zuwa a kan ƙa'idar 100,000 da 405,000. Kowannensu tafiyarsa ɗaya: kabon maras nauyi ya fito, zafi ya tashi, teku ya yi tsami, sannan a daɗe ana farfaɗowa.

Daga ina kabon ɗin yake fitowa? A nan masana sun rabu, kuma rabuwar tasu mai amfani ce. Gerald Dickens ya kawo shawara a 1995 cewa iskar metan ce da ke daskare a cikin lakar gangaren teku, wadda ɗan ɗumin ruwa ke iya sakinta. Wasu suka ce daskararriyar ƙasar Antaktika ce mai cike da ruɓaɓɓun tsirrai ta narke. Wasu suka nuna fadamu da dausayi waɗanda ke tara ganye a shekarun ruwa, idan fari ya zo su bushe su ruɓe ko su kama wuta. Game da babban zafin na farko kuwa, akwai hujja mai ƙarfi cewa aman wutar ƙasa ya taka rawa, domin a daidai lokacin ne Girinlan ke rabuwa da Turai, narkakken dutse yana kutsawa cikin laka mai mai da gawayi yana dafa ta. A ganina mai neman dalili ɗaya tak zai sha wahala a banza. Aman wuta ya ɗauki dubban ɗaruruwan shekaru yana ƙara wa duniya ɗumi, ma'ajiyoyin kabon suka matso bakin fashewa, falaki kuma ya riƙa zuwa a kan lokacinsa yana ba su ɗan turi. Ƙananan da suka biyo baya, waɗanda ke bin ƙa'idar falaki sau da ƙafa, su ne suka fi nuna haka.

Na kawo duk wannan ne saboda wata magana da ake yawan yi a majalisa da cikin mota, har da bakin masu ilimi. Sai ka ji an ce, ai yanayi dama yana sauyawa tun fil azal, Sahara ma da kore ce, saboda haka wannan surutun ɗumamar yanayi na Turawa ne. Rabin farko na maganar gaskiya ne, mun ma kawo hujjojinsa. Amma a duba lissafi. Mafi gajeren zagayen falaki shekara 21,000 ne, ɗumamar da muke ciki kuwa a cikin shekara 150 ta faru. Karkatar duniya a yanzu raguwa take yi, abin da ke jan ƙasashen arewa zuwa sanyi sannu a hankali, kuma haka aka yi ta tafiya shekaru dubbai kafin a fara ƙona gawayi da mai. Ƙanƙarar Antaktika ta adana kumfar iskar shekara 800,000, a duk tsawon nan iskar kabon ba ta wuce kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420. Falaki ba shi da hannu a wannan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauri. Richard Zeebe na Jami'ar Hawai da abokansa sun ƙiyasta a 2016 cewa a farkon wancan babban zafi na shekara miliyan 56, kabon ya ɗauki aƙalla shekara 4,000 yana fita, abin da bai wuce tan biliyan 4 na iskar kabon a shekara ba. Mu a yau daga mai da gas da gawayi da siminti muna fitar da wajen tan biliyan 37 a shekara. Kusan ninki goma ke nan. Kuma ma'ajiyoyin nan da falaki ya riƙa taɓawa suna nan: daskararriyar ƙasar Saiberiya da Kanada, dausayin Kwango da na Indunusiya, metan ɗin gangaren teku. Tarihin duwatsu ya nuna cewa idan aka ɗumama duniya, waɗannan sukan ƙara nasu a kan abin da aka zuba. Ƙasashen Sahel ba su ne suka cika sama da hayaƙi ba, kasonmu a ciki kaɗan ne ƙwarai. Amma a watan Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, kuma manomin gero da makiyayi su ne ke fara ji a jikinsu. Wannan ya isa dalilin da zai sa wakilanmu a tarukan yanayi su je da ilimin abin a kansu, su yi magana da ƙarfin hujja.

Ilimin kuwa wani ɓangarensa a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Duwatsun Dange da Kalambaina da Malbaza sun kwanta ne dab da wancan babban zafi, a cikin teku marar zurfi, a yanki mai zafi. Kullum katafila na yanka sabon gangare a ma'adinan siminti, shimfiɗa a kan shimfiɗa, a loda a mota a kai injin niƙa. Ina ganin ya dace kamfanonin su riƙa bai wa sassan nazarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai dama su auna kowane sabon gangare falle-falle, su ɗebi samfuri su adana kafin a fasa, gwamnatocin jiha kuma su ɗauki nauyin haƙa rijiyar bincike ko da guda ɗaya ce, a zaro sandar dutsen daga sama har ƙasa a ajiye wa ɗalibai.